Zafin Raƙuman Kawu

Jiya da azahar na dafa wuyan wani raƙumi a Ƙofar Atiku, zafinsa ya tuna mini da marigayi Kawu.

Lokacin ina tafintan Baturen dabbobi. Wata rana da tsakar rana ya auna zafin jikin raƙuman Kawu, ya ce zazzaɓi ne, a yanka su duka.

Kawu ya shiga gaban mahauta, ya dube ni. "Hwaɗa mai, raƙumi aje zafin rana yakai cikin jiki, don kar zuffa ta ƙare mai ruwa. Shi dawo da sahe. Kuma kar ka sassauta maganata."

Ban sassauta ba. Da safe zafin ya sauka, Bature ya rubuta a littafinsa kamar shi ya gano.

Ni dai na san mai ilimin. Allah ya sanyaya makwancinka, Kawu.