Na Yi Wankan Jego Ban Haihu Ba

A iya sanina, ni kaɗai ce budurwar da ta yi wankan jego a unguwarmu ta Kwarbai ba ta haifi ko ɗan tsako ba. Goggo ce ta jawo min, yayar babanmu, Allah Ya jiƙanta. Ita ke wanke duk mai jegon gidanmu, kuma a wurinta babu ciwon da ya fi ƙarfin ruwan zafi da ganyen darbejiya.

Shekarar da na gama makarantar horon malamai, zamanin mulkin soja, wani abu ya fito min a gwiwar hannu da ƙeya. Fatar ta yi kauri, ta yi fari-fari, in na sosa sai ɓawo ya dinga zuba kamar garin rogo. Nan take matan gidanmu kowa ta zama likita. Wannan ta ce makero ne, waccan ta ce ƙazuwa, wata ta yi ƙasa da murya ta ambaci kuturta. Kafin in ankara an ware min kwano da moɗa.

Kwanon bai dame ni ba, nama ma na ƙara samu. Abin da ya ƙona min rai daban ne. Yayata ta dawo gida wankan haihuwar fari da jaririyarta. Duk matar da ta shigo barka sai a miƙa mata yarinya, ta ɗauka, ta sa albarka. Ni kuwa da nake ciki ɗaya da uwarta, da na miƙa hannu sai a tuna yarinya na jin yunwa. Har tsohuwa mai tallan daddawa ta ɗauke ta, ni ban ɗauka ba. Na shiga bayan ɗaki na sha kukana, ba zan ɓoye ba.

Goggo ta ce ai abin ya zo da sauƙi, tunda ga tukunya a kan wuta. Safe da yamma in ta gama da Yaya sai ta ƙwala min kira, "Ke, taho, saura ke!" Ta tsoma ganye a tafasasshen ruwa ta fyaɗa min, ta bi da soso da dutsen goge kaushi. Ina ihu tana cewa, "Yi min shiru, ja'ira, mutuwa yake yi." Mai jego in ta fito akwai kunun kanwa da gasasshen nama. Ni sai azabar zalla. Cikin sati biyu abin ya kai gadon baya, duk inda dutsen ya kurje nan sabo ke fitowa.

Ran da na kifar da bokitin ruwan wankan na ce ko yanka ni za a yi ba zan ƙara ba, Baba ya ce a kai ni babban asibiti. Goggo ta yafa mayafi ta biyo ni, wai don likita ya ji irin ƙoƙarin da ta yi.

Likitar fatar mace ce, siririya mai tabarau. Ta kama hannuna haka nan, ba safar hannu ba komai, ta shafa wurin. Goggo ta zabura.

"Likita, ba kya tsoro?"

"Tsoron me, Hajiya? Ba a ɗaukar sa. Soriyasis sunansa. Fatarta ce ke gaggawar yin sabuwa tun tsohuwar ba ta sauka ba. Amma wa ya kurje ta haka?"

Goggo ta gyara zama, ta zayyano aikinta tun daga hura wuta har dutse, ba ta rage komai ba. Likita ta cire tabarau ta dube ta. "Hajiya, kurzar ce ke ƙara shi." Saura kaɗan in rangaɗa guɗa a ofishin mutane.

Ba ta yaudare ni ba. Ta ce ba ya warkewa gaba ɗaya, yana lafawa ya taso, amma in ana kula da shi sai a zauna lafiya. Haka kuwa aka yi, har yau muna tare. Ta ce wanka da ruwa mai ɗumi kawai, a jefar da soso, in shafa basilin jikina na da danshi, in riƙa ɗan shan hantsi. Ta rubuta min wani baƙin mai mai warin kwalta, ta ce in dawo bayan wata guda ta gani.

Na ce, "Likita, zan iya ɗaukar jaririya?"

"Har goyo ma," in ji ta.

A tasi Goggo ta kawar da kai tana kallon taga har muka wuce Ƙofar Doka. Na ɗauka fushi take. Muna shiga gida ko mayafi ba ta cire ba, ta wuce ɗakin Yaya, ta sunkuci yarinya ta dire min a cinya.

Yaya ta miƙe. "Goggo, ai ba a..."

"Zauna! Ni na dafa yarinyar nan sati biyu a banza, ku kuma kuka hana ta 'yarta. Ya isa."

Yarinyar ba ta da nauyi ko kaɗan, sai ɗumi. Ta buɗe ido ɗaya ta kalle ni, ta tsula min fitsari har zani ya jiƙe. Matan suka fashe da dariya, Yaya ta miƙo hannu ta ce in kawo ta a canza mata. Na ƙanƙame abata na ce ba inda za ta.