Gyaɗar da Kawu Ya Hana Mu Ci

Jiya a kasuwar Zango wata mata ta buɗe buhun gyaɗa, warin fumfuna ya bugi hancina. Nan take na tuna Kawu, yayan mahaifiyata, wanda ya ƙare rayuwarsa yana binciken yadda ciwon daji ke cin hanta.

Shi ba ya kai gyaɗa baki sai ya shinshina ta. Mu kuwa dariya muke yi, muna cewa boko ya yi masa yawa.

Wata damina ya zo mana garinmu Dogo, ya tarar Inna za ta yi ƙuli-ƙuli da gyaɗar bara da ruwa ya taɓa. Ya murza kaɗan, wani koren gari ya manne masa a yatsu.

"Zubar da ita, Hajara."

"Haba Yaya, ai wuta za ta kashe komai."

"Wannan dafin ba ya jin wuta. Shekaru yake yi a hanta kafin ya nuna kansa."

Sai ya juya wajen Baba da ke kishingiɗe a tabarma, ya daɗe yana kallon idanunsa da suka fara yin rawaya. Kafin kaka ta zagayo muka binne Baba.

Tun daga nan matan unguwarmu ke tsince gyaɗa kafin su soya. Amma mu da muka girma muna cin waccan mai fumfuna, ba wanda ya san abin da ke kwance a cikinsa.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka kabarinsa, mu kuma Ya tsare mu daga abin da muka riga muka haɗiye.