Shuɗi Ya Haye Ja

Dabora ta tsaya ne lokacin da ta hango fuskar wayar wani dattijo. Zanen farashin hannun jari ne, layi ja da shuɗi, irin wanda ya cinye abin da ta tara a bautar ƙasa.

Yana zaune a bencin mai shayi, ƙofar wata masana'antar roba a Sharada, rigarsa duk baƙin mai, gilashinsa ɗaure da zare. Yana kwafe layukan a bayan kwali. Wataƙila ritaya ce ta matso, yake neman madogara.

"Baba, kun yarda da layin nan?"

"'Yata, shekara ashirin ina kan inji, allurar ma'auni ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. In shuɗi ya haye ja, farashi tashi zai yi. Jiya na sayar da babur ɗina na zuba."

Nata ma shuɗin ya haye, farashin kuma ya rushe. Ta buɗe baki ke nan jiniya ta kaɗa, ya ninke kwalinsa ya shige.

Ba a buɗe kasuwar hannun jarin ba tukuna. Dabora tana bencin, tana duba zanen a wayarta.