Jijjigar da na ɓoye wa ƙanwata

A lokacin ina matashiya, ina ɗinki a gidan aurena a unguwar Minanata, maigidana yana tuƙin motar siminti a Kalambaina. Cikina na fari ya tsufa sai ƙafafuna suka kumbura, kaina ya riƙa sarawa. Wata rana na yanke jiki na faɗi a tsakar gidan surukaina, ina jijjiga, na ciji harshe, har fitsari ya kufce mini a gaban mutane. Na farfaɗo a asibiti, amma ɗan bai zo da rai ba. Matan gidan suka fara raɗe-raɗin cewa iskoki gare ni. Kunya ta sa na roƙi maigidana kada ya faɗa wa 'yan gidanmu, muka ce musu zazzaɓi ne ya yi sanadi.

Da na sake samun ciki na fara zuwa awo da wuri. A nan wata nas ta nemi izininmu, mu masu ciki, a ɗebi jininmu don wani bincike. Ta yi mana bayani cewa ana tara jinin mata masu ɗimbin yawa tare da labarin haihuwarsu, a zuba bayanan a kwamfuta a kwatanta, don a gano abin da ke sa wasu jijjiga, wasu ɓari, wasu haihuwar bakwaini. Da ta ji abin da ya same ni sai ta ja ni gefe, ta ce ba iskoki ba ne, hawan jini ne na masu ciki, kuma yakan bi jini tsakanin uwa da ɗiya ko ya da ƙanwa. Ta ce in ina da 'yan'uwa mata in gaya musu, don a riƙa auna jininsu tun da wuri. Na ba da jinin, na sha magani, Allah ya sauke ni lafiya. Saƙon ne ban isar ba.

Ƙanwata tana aure a Gawon Nama. Na je gidanta tana da tsohon ciki, na ga takalminta ya ƙi shiga ƙafarta. Na ce mata ta daure ta je awo, ta yi dariya ta ce Inna ta haife mu duka ba ta taɓa zuwa ba. Maganar ta zo mini har baki, sai na tuna tsakar gidan nan da idanun mutane, na haɗiye. Ba a jima ba ta faɗi. Ita ta rayu, ɗiyar ba ta rayu ba. A gefen gadonta na asibiti na gaya mata komai. Ta kalle ni ta ce, “Yaya, don mi ba ki hwaɗa min ba?”

Na san rai na Allah ne, kuma ta ce ta yafe mini. Amma jinina na ba baƙi don ya amfani matan da ban sani ba, na hana wadda muka sha nono ɗaya magana guda. 'Yan'uwa mata, duk wadda ciki ya taɓa kayar da ita, ta zaunar da ƙannenta da ɗiyanta ta gaya musu yadda abin ya faru, har da wurin da ya fi ba ta kunya.