Wuƙar da Mang Isyo Bai Ƙera Ba

A duk garinmu na Taal ban san mai zargi kamar maƙwabcina Mang Isyo ba. Kofin da nake dafawa ina sayar masa da safe ma sai ya sansana, wai ko na haɗa da gasasshiyar shinkafa. Tun yana saurayi yake ƙera balisong, wuƙar nan tamu mai ƙota biyu da ke rufe kaifi a tsakaninsu. Ƙarfensa tsohon sifirin ɗin mota ne, ƙotarsa ƙahon ɓauna da tagulla. 'Yarsa Ningning ce ke sayarwa a rumfar bakin titi, don shi ko murmushi mai saye ya yi masa sai ya ce da wata a ƙasa.

Bara wani direba ya zo har maƙera yana yabon wuƙar da ya saya a rumfar. Tsohon ya karɓa ya wulwula ta, ta buɗe sumul, ta rufe ƙas, ga tambarinsa a gindin kaifin. Ya musanya wa direban da wata, ya riƙe wannan.

"Sela, wannan ba aikina ba ne," ya ce mini. "Yarinyar nan kayan masana'anta take sarowa tana buga sunana."

"Haba tsoho, 'yar cikinka?"

"'Yar cikin nawa. Ke dai ki tsaya ga kofinki."

Na ji haushinsa, amma ni ma gabana ya faɗi. A garinmu in aka kama maƙeri da wuƙar inji, sunansa ya mutu ke nan.

A gabana ya fitar da ƙusoshin ya raba ƙotar. Ciki duk sawun magagari ne, wanda inji ba ya bari. Aikin hannu ne, mai kyan gaske, sai dai sawun ya karkata ta inda nasa ba ya karkata. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Bahago ne ya yi wannan."

Bahago ɗaya ne a gidansa, wato Ningning. Na bi shi rumfa, don ba zan ji labarin a bakin wasu ba.

"Wa ya koya miki?" ya tambaye ta.

"Ku ne, Baba. Kallonku nake yi tun ina ƙarama."

"To nawa fa? Waɗanda nake ba ki kullum?"

Ningning ta jawo wani buhu cike da wuƙaƙensa daga ƙarƙashin tebur. Ya ɗauki ɗaya ya buɗe: ƙotar na lilo, kaifin na gogar tagulla. Ya ɗauki wata, duk haka. Wallahi sai da tausayinsa ya sa na kau da kai.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

"Tun da hannunku ya fara rawa, Baba."