Ranar da Na Datse Kariyar Baba Cikin Marka

Mahaifina ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana aikin lambu a gidajen manyan ma'aikata a Gusau. Da ƙarfi ya ƙare ya koma gida Bunguɗu, abin da ya taho da shi bai wuce tabarma da buta da 'yar wuƙa mai kube ba, sai wani tsiro guda a cikin rabin duro. Kariya ce, irin wadda ke fitowa a gindin duwatsu, mai ƙaton ciki kamar tulu da rassa gajeru masu kauri. Shi ya tono ta da hannunsa a wajen Kwatarkwashi tun ba a haife ni ba. A tsakiyar rani, lokacin da komai ya bushe, ita sai ta zubar da ganye ta cika da fure ja mai fari a tsakiya.

Maƙwabta sun yi masa tsiya har sun gaji. Mutum yana da tsakar gida, maimakon ya sa zogale ko lalle, ya ajiye abin da ba a ci, ba a sha, akuya ma ba ta kallonsa. Baba dariya kawai yake yi. Ni kuwa, gaskiya, ina cikin masu ganin wauta ce, don ni mutum ne mai son a gaya mini amfanin abu kafin in ba shi wuri.

Sau ɗaya a shekara yake datse ta, idan furen ya kaɗe, zafi ya tsaya, da sauran lokaci kafin ruwan farko. Zai wasa wuƙar, ya bi kowane reshe da yatsa har ya sami inda yake so, ya yanka a karkace don kada ruwa ya kwanta a kan miki. Sai ya goge ruwan mai danƙo da ke tsatsowa, ya barbaɗa toka, ya hana ta ko ɗigon ruwa har sati biyu. Rassan da ya yanke kuma binne su yake yi, domin ruwan jikinta guba ne.

Shekara biyu bayan an ba mu jiha, ina koyarwa a wata firamare a Tsafe, yanar ido ta gama rufe wa Baba idanu biyu. Gona ta gagare shi, kasuwa ta gagare shi, masallaci sai an riƙe masa sanda. Abin da ya rage masa wanda ba ya neman taimakon kowa a kai shi ne wannan tsiro. Da hannu yake sanin ta ƙoshi ko tana jin ƙishi.

A bazarar shekarar ya fara datsa, ya yanke reshe biyu, sai ƙuda ya dame shi ya murza ido da hannun aikin. Kwana uku idon yana kumbure yana zubar da ruwa, bai runtsa ba. Ƙanwata, wadda ke aure a unguwar take kai masa abinci, ita ta aiko mini. Na hau mota na zo raina a ɓace, ban ma gama gaishe shi ba na fara faɗa. Na zare wuƙar daga ƙarƙashin matashinsa na jefa a jakata.

"Malam," ya ce, don haka yake kirana idan zai yi mini ba'a, "idon da ba shi gani, mi kaka tsoron ya same shi?"

Na ce ni dai na gama magana. Na tafi da wuƙar Tsafe na kulle a akwati, ina jin na yi abin da ɗa na kirki zai yi.

Tun daga nan duk zuwan da zan yi maganar ɗaya ce. Rassa sun yi tsawo, sun fara rinjayar gindin, ba a gama mata aski ba. Ba ya roƙona, faɗi kawai yake yi kamar mai ba da labarin wani. Wannan ya fi ƙona mini rai fiye da roƙon.

Da hutun damina ya zo, cikin watan Agusta ana tsakiyar marka, na yanke shawarar kashe maganar. Ranar Juma'a na riga shi dawowa daga masallaci, na ɗauki wuƙar yankan kuɓewa ta ƙanwata na hau aiki. Na sha ganin yana yi, na ɗauka ba wani abu ba ne. Na daddatse rassan a miƙe, kowanne kansa a shafe kamar faifai, cikin minti goma na gama. Toka ban tuna da ita ba. Na binne rassan dai, wannan kam na tuna.

Da ya dawo ya kai hannu kamar kullum, hannun ya wuce cikin iska inda ya saba samun reshe. Ya laluba ƙasa har ya taɓa wurin yankan, ya daɗe yatsansa na kai.

"Wa yat taɓa ta?"

"Ni ne, Baba. Na hutar da kai."

Bai yi faɗa ba. Ya ce a samo buhu a rufe ta. Kafin a samo, hadari ya sauko, aka kwana biyu ana yi.

Bayan sati uku na sake zuwa. Ko ruwa ban sha ba ya kamo hannuna ya kai gindin tsiron, ya danna yatsana a jiki. Wurin da na sani da tauri kamar itace ya lotsa kamar ruɓaɓɓiyar kabewa.

"Ruɓa ta shiga," ya ce. "In an bi ta da wuƙa har a kai inda yay yi hwari, tana iya tashi. Amma wagga wuƙa ta miya ba ta yi. Kawo min tawa."

Ban yi gardama ba. Na koma Gusau, na hau motar Tsafe, na buɗe akwati, na juyo. La'asar sakaliya na iso. Ya karɓi wuƙar ya zare ta daga kube, ya gwada kaifin a farce, na ga fuskarsa ta saki yadda ban gani ba tun bazara.

Muka tumɓuke ta daga duron muka kwantar a kan tabarma. Na ɗaure masa ƙyalle a goshi ya sauko kan idanu, bai hana ni ba. Ya ce shi ne hannu, ni ne ido. Zai yanka yanki guda siriri, ya juyo mini da wurin.

"Mi kag gani?"

"Baƙi."

Ya ƙara.

"Yanzu hwa?"

"Ruwan ƙasa, Baba."

Haka muka yi ta yi. Tsiron da ya girme ni yana ta raguwa a gabana, yankakken nama mai wari yana taruwa a gefen tabarma. Ni kuwa ina ganin abin da ba ya gani: wani zare mai duhu a tsakiya, duk inda aka yanka yana nan, ya bi har cikin saiwa. Abin da ya rage a hannunsa bai fi dunƙulen hannu ba. Tausayinsa da kunyar kaina suka kama ni.

Ya sake yanka, ya juyo.

"Ya yi fari," na ce.

Ba haka ba ne. Zaren na nan, ya ma fi kauri.

Baba ya ɗaga guntun ya kai hanci ya shaƙa. Ya sa babban yatsa ya danna tsakiyar a hankali. Aka kira magariba a masallacin unguwa. Sannan ya ajiye guntun a kan tabarma, ya goge wuƙar a ƙasa gaba da baya, ya mayar cikin kube. Ya lalubo gwiwata ya ɗora mini ita.

"Mai da ta akwatinka, Malam," ya ce. "Yanzu ba ni da abin yanka."

Wannan karon babu ba'a a muryarsa. Ya nemi buta, na zuba masa ruwa ya wanke hannu sau uku, na riƙe masa sanda muka fita salla.