Hular Phelim Garrity

A garinmu ana cewa wai a ƙafa Phelim Garrity ya zo Amurka daga Ireland, ta ƙarƙashin teku, takalmansa rataye a wuya. Ƙarya ce, ni na ƙaga ta. Ɗan kawuna ne, jirgin ruwa ɗaya ya kwaso mu lokacin da dankali ya ruɓe a gona, yunwa ta koro mu. Mako bakwai yana amai, har kifaye suka yi ƙiba. Da muka sauka ya rantse ba shi ba jirgi har abada.

Sai muka yada zango a Wisconsin, a garin da kogi ya raba biyu: leburori a wannan gaɓa, likita da tashar jirgin ƙasa a waccan, kwale-kwalen fito kaɗai ke haɗa su. Phelim ya yi dakon bulo, ya zama magini, ya auri Honora. Ranar naƙudarta ta fari kogi ya cika, mai fito ya ƙi tsallako da likita. Ita ta tashi, jaririn bai tashi ba.

Tun daga ranar ba shi da zance sai gada. Ya nemi kujerar majalisar jiha ya faɗi sau biyu, a na uku ya ci. Shekara huɗu yana damun 'yan majalisa da maganar gada, kuma duk zuwa majalisa zagayen kwana biyu yake yi a keken doki don kada ya shiga kwale-kwale.

Rannan aka bugo waya: gobe za a jefa ƙuri'ar gada, kuma yawan masu so da masu ƙi ya zo ɗaya. Zagaye ba zai kai shi a kan lokaci ba. Ya daɗe tsaye a bakin ruwa, sannan ya shiga kwale-kwale, ido rufe. Kafin tsakiyar kogi ya cika doguwar hularsa ta majalisa da amai. Kai ba hula ya isa, ya ɗaga hannu, gada ta samu shiga.

Ranar buɗe gadar na tare shi a tsakiyarta, na ce:

"Ranka ya daɗe, ɗan majalisa! Duk wannan uban dutse don kada ka sake ɓata hula?"

"Festy, ni tsorona ya gina gada. Kai jarumi, shekara talatin me ka gina in ba ƙarya ba? Matsa, ka tare wa likita hanya."